Bi Somoe, Kunnen Mujallarmu

A shafin farko na mujallarmu sunaye uku ne. Nawa ne a sama, Swabra Famau, domin ni ce mai rubutu, kuma ni na fi kowa son ganin sunana a takarda. Sai na ɗan kawuna Shebwana, mai ɗaukar hoto da jera shafuka. Na ukun ne baƙi suke tsayawa a kai su yi tambaya, saboda abin da muka rubuta a gabansa: "Kunne: Somoe Bwanaheri." Ba raha muke yi ba. Shekara tara ke nan babu layi ɗaya da ya tafi maɗaba'a a Mombasa bai bi ta kunnen matar nan ba, alhali boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Alƙur'ani take karantawa, sai watan sama, sai teku.

Kafin in shiga labarinta sai na faɗi nauyin sunan da ke bayan nawa. Famau mahaifina ne, matuƙin jirgin ruwa a ƙauyenmu Mwambani. Ina shekara shida ya hau da jirgin wani attajiri kan Fungu, doguwar shimfiɗar dutsen nan da ke cikin teku bayan ƙauyen, wadda kowa ya san inda take tun yana rarrafe. Da rana tsaka fa. Jirgin ya fashe, shi kuma ko hularsa ba a gani ba. Mutane suka ce bammi ya sha, barci ya kwashe shi da sandar tuƙi a hannu. Tun daga nan duk wanda ya tafka wautar da ba ta da uzuri a tsibiranmu sai a ce ya yi tuƙin Famau. Malamin lissafinmu ya taɓa faɗa mini haka a gaban aji, bai san 'yar wa ce ni ba, ko kuma ya sani sarai. Mahaifiyata Mwanatumu ta kwaso mu muka dawo Lamu, maganar ta biyo mu. Na girma da buri guda ɗaya, in wanke sunan ubana a rubuce, inda ba mai gogewa.

Mujallar tamu Maji Mafu muka sa mata, wato mataccen ruwa, kwanakin nan da teku ba ta cika can ba ta janye can, masunta su baje suna ɗinkin raga suna shararo ƙarya. Sau biyu take fita a shekara, ɗaya in iskar Kaskazi ta sauko daga arewa, ɗaya in Kusi ta juyo daga kudu, kuma ba ma rubuta kwanan wata a bangonta don kada a kama mu da latti. Kwafi ɗari huɗu muke bugawa. A ciki za ka ga matar da ta yi wata uku a kan ɗinkin hula ɗaya, ko tsohon da ya shekara biyu yana sassaƙa ƙofa yana faɗa da mai ƙofar. Masu karanta mu 'yan Lamu ne da neman abinci ya jefa Nairobi da Maskat, sai Turawan da suke tsallako duniya don a koya musu zama ba aikin komai.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman bene, a wani lungu da jaki biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya haƙura. A ƙarƙashinmu Bi Somoe, wato Malama Somoe, take da kaskonta, tana suyar mahamri, wani irin fanke, tana sayarwa da wake mai ruwan kwakwa. Ni kuwa ina da ɗabi'ar karanta rubutuna da ƙarfi, don daɗin muryata nake ji. Muna shirin fitowar farko ina cikin rero wani labari, na kai inda na ce ran takwas ga wata mata sun fita da hantsi kamun pweza, dabbar tekun nan mai hannu takwas, sai na ji murya daga ƙasa.

"Ke ta sama! Ƙarya kike yi!"

Na leƙa. "Shangazi, da ni kike?" Haka muke kiran duk sa'ar gwaggo.

"Da wa nake, da jakin nan? Ran takwas ga wata ruwa a mace yake, dutse ba ya buɗewa. Pwezan a ƙarƙashin gadonki za su kama shi?"

"Ai labari ne kawai."

"To ki yi shi a kan mutanen da ba su da teku. Mu nan in kika faɗi ƙarya a kan ruwa, wani wawa zai karanta ya fita."

Na sauko da niyyar in wanke ta tas, sai na tarar na san fuskar. 'Yar Mwambani ce. Ita ma ta dube ni ta ce, "'Yar Famau ce ke," ta mai da ido kan kaskonta. Ta faɗi sunan a miƙe, babu ɗan murmushin nan da na saba gani a bakin mutane. Abin da ya sa na hawo da ita sama ke nan, ba don na yarda ta fi ni sani ba.

A hankali na tsinci tarihinta, don ba mai ba da labarin kanta ba ce. Tana shekara bakwai kakarta ta fara fita da ita Fungu kamun pweza da ɗan tsinken ƙarfe, ta koya mata gane ramin da ke da mai gida da wanda aka tashi. An yi mata aure da wani ma'aikacin manyan jirage, ya yi ta aiko da wasiƙa daga tashoshi masu nisa har wasiƙun suka gaji suka daina zuwa. Da pweza ta ciyar da 'ya'ya uku. A zamaninta, in ji tsofaffin ƙauyen, babu macen da ta kai ta sanin ruwa. Sai kwatsam tana shekara talatin ta ajiye ƙarfen, ta tattaro 'ya'yanta ta dawo Lamu ta dasa kasko. Aka ce gwiwoyinta ne suka gaza. Gwiwoyin da nake gani suna hawa benenmu sau huɗu a rana ba nishi.

Yadda take aikin mujalla ba shi da wuya a faɗa. Takan hawo bayan la'asar da magoginta na kwakwa, ta zauna a kansa ta lumshe ido tana goga, ni ina karantawa. Ƙurr, ƙurr, ƙurr. Muddin ƙarar tana tafiya, rubutu lafiya yake. Da zarar ta tsaya, na san ta kama kuskure. Ba ruwanta da daɗin zance ko rashinsa, wannan ta ce matsalata ce da Ubangijina. Abin da take tambaya shi ne wata nawa ne ran nan, kuma wace iska ke busawa. Wata rana Shebwana ya kawo hoton wani jirgi da asuba, kyakkyawan gaske, ya rubuta a ƙasa wai lokacin Kusi ne. Ta riƙe hoton nesa da fuskarta ta ce, "Kai mai laɓewa bayan gilashi, dubi gefen da ƙyallen jirgin ya kumbura. Wannan Kaskazi ce, tsohon hoto ka zaro don ka ƙi tashi da asuba." Shebwana ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya shiga uku da Mai Girma Kunne.

Ya taɓa gwada ta da wayarsa, irin mai nuna lokacin cikar teku. Yana zaɓo ranaku, na bana da na shekara ashirin baya, ya juya mata su zuwa lissafin wata, ita tana faɗin lokacin da ruwa ya janye da wanda ya dawo. Sau goma sha ɗaya, ba ta kauce da abin da ya wuce tsawon sallar raka'a huɗu ba. A na sha biyu suka saɓa, ta ce wayar ba ta san an yi iska mai ƙarfi a makon ba. Ni dai ina zaune kusa da matar da take ɗauke da teku gaba ɗaya a cikin kanta, ga ta tana goge kwakwa tana korar ƙuda da gefen mayafi.

A watan Sha'aban ɗin bara na ga lokaci ya yi. Na rubuta shafi biyu a kan mahaifina. Na gina su a kan abin da kawuna, baban Shebwana, ya faɗa mini ina yarinya, cewa hadari ne ya taso bagatatan, sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fizge jirgin ta maka shi a kan Fungu. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Ina karantawa, Shebwana ya sunkuyar da kai. Na kai kan kalmar hadari, sai magogi ya tsaya.

"Maimaita wurin nan," in ji Bi Somoe.

Na maimaita.

"Wace rana ce?"

"Sha shida ga Muharram. Kin sani ai, Shangazi, kina ƙauyen."

"Babu hadari ran nan."

"Kawu ya ce..."

"Kawunki mutumin kirki ne, ya ga marainiya tana kuka. Babu hadari. Sama tas take kamar an wanke faranti. Kusi na busawa daidai, babban ruwa ne, ya janye da hantsi ya juyo kafin azahar."

Shebwana ya so ya sassauta. "Mai Girma Kunne, ko ɗan gajimare ɗaya fa? A yi mana alfarma."

"Kai rufe mana baki."

Ni kuwa idona ya rufe. Na ce, "Shekara talatin da uku tsibiran nan suna cin naman ubana, ke ma sai kin yagi rabonki? Shafi biyu ne fa! Wa zai mutu don na sa hadari a shafi biyu?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Mujallarki ce, ɗiyata, ki buga. Sai dai ki cire sunana daga gaba." Ta kakkaɓe zaninta ta ɗauki magogi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "In gaskiyar ran nan kike so, ki jira Muharram. Bana ya sake faɗowa cikin Kusi kamar waccan shekarar. Zan kai ki ki gani da idonki."

"Wata biyar!"

"Ke da kike koya wa Turawa haƙuri."

Saura ƙiris in buga abina. Shebwana ne ya ce shi hannunsa ba zai jera shafin da Kunne ta ƙi ba, in ina so in nemi wani ɗan kawun. Fitowar ta tafi da labarin yadda ake jiƙa tsamiya a gurbin mahaifina. Wata biyar ban sayi mahamrinta ba, sai in taka har kasuwa in sayo wani mai tauri kamar tafin takalmi, in wuce ta gabanta ina ci. Tana hawowa bayan la'asar, ina karantawa, tana goga, ba mai ce wa wani ci kanki. Na tsane ta a watannin nan, ba zan ɓoye ba. Abin da na ɗauka shi ne za ta kai ni ta nuna mini cewa mutanen gari sun yi gaskiya.

Ran sha shida ga Muharram muka tashi bayan asuba a ƙaramin jirgi mai inji, Shebwana na tuƙi. Da hantsi muka iso bayan Fungu ta gefen zurfi. Bi Somoe ta sa ya sauke mu, ta ce ya koma can ya jefa anga, kada ya kuskura ya matso sai ya ga ta ɗaga mayafinta. Ta ɗaure tsofaffin takalman roba da igiya, ta yi bisimilla ta taka dutsen. Rabonta da wurin shekara talatin da uku.

A yankin nan aka haife ni, amma ban taɓa tsayawa a ƙarshen Fungu ran babban ruwa ba. Teku ta tafi. Ba ta ragu ba, tafiya ta yi, ta bar ƙasa shimfiɗe har inda ido ya gaji, bishiyoyin kwakwar ƙauyenmu can nesa sun zama ƙanana. Ko'ina 'yan tafkuna ne masu haske, a cikinsu abubuwa masu rai ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna harkar gabansu, dutsen kansa yana wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a maƙwabta. Na ji kaina ƙanƙanuwa, na yi ta tasbihi ba tare da na yi niyya ba. Tsohuwar da nake wa kallon mai kasko kuwa ta koma wata daban. Tana tafe a kan kaifin dutse kamar a tsakar ɗakinta, ni ina binta ina tuntuɓe. A wani wuri ta durƙusa ta zura hannu har kafaɗa a ramin da ni ban ga komai a ciki ba, ta zaro pweza yana nannaɗe mata hannu. Ta dube shi, ta ce masa wani abu ƙasa-ƙasa, ta mayar da shi.

Muka kai can ƙurya rana ta kusa tsakiya. Ta tsaya.

"Juya ki dubi gida," in ji ta.

Na juya. Tsakaninmu da ƙauye, inda ɗazu yashi ne busasshe, kogi ne yake gudu. Ni ina ta kallon gaba ina jiran teku ta dawo ta inda ta tafi, ashe ta baya ta zagayo. Babu igiyar ruwa, babu ƙara. Kafin in gama mamaki ruwa ya rufe mini idon sawu. Na ce, "Shangazi, ɗaga mayafin."

"Tukuna. Mu biyar ne."

"Su wa?"

"Mu biyar, a nan inda kike tsaye. Shekarar nan dattawa sun rufe Fungu wata huɗu don pweza ya girma, aka karanta Yasin a kan duk wanda ya taka. Gonaki sun ƙi, mazanmu ba sa nan, yara na kuka. Muka ce wa gari za mu ta'aziyya ƙauyen gaba, muka zagayo ta cikin itatuwan bakin ruwa. Wata uku ba a taɓa wurin ba, ɗiyata. Kowane rami da mai shi, manya kamar cinyata. Sauran suka ce Somoe, lokaci ya yi. Ni ce na san ruwa, ni suke bi. Na ce a ƙara rami ɗaya."

Ruwa ya kai mini gwiwa, yana jan zanina gefe guda da ƙarfin da ban zata ba. Na kama hannunta.

"Da muka ɗago, hanya ta rufe kamar yadda kika gani. Ba mai iya iyo a cikinmu, in ma an iya, wannan ruwan ba ya barin mutum. Ya kai mana ƙirji. Muna salati. Sai ga jirgi can waje, ta inda ɗan kawunki yake, ya ɗauko itacen gini zai wuce gida, hanyarsa a buɗe, iska na bayansa. Babanki ne shi kaɗai. Ya gan mu. Na ga lokacin da ya juya kan jirgin."

Ta nuna wani dutse gabanmu kaɗan. Duk Fungu ta nutse, shi kaɗai ya rage a sama, da tsaga a tsakiyarsa wadda faɗinta bai wuce tabarmar sallah biyu ba.

"Jirgi mai kaya ba ya iya tsayawa a nan ya ɗauki mutum, ruwa zai juya shi ya kife. Wuri ɗaya ne tak a duk dutsen nan da zai zauna bai mirgina ba. Bai sauke ƙyalle ba. Da gudunsa ya zo ya cusa cikin jirgin a tsagar can, muna jin katako yana kuka. Ya san ya kashe jirgin. Ya jefa igiya, huɗu suka hau. Ni na fi nisa, ƙafata ta riga ta bar ƙasa. Ya faɗo ruwa ya kamo ni, ya tura ni har na kama igiyar. Da na juyo in miƙa masa hannu, yana can, ya yi nisan da murya ba ta kaiwa."

Sai a lokacin ta ɗaga mayafin. Ruwa na ƙuguna.

Shebwana ya taso da inji a guje ya kwashe mu. Da ya ji abin da aka ce game da tsagar, ya ce bari ya gwada kusantar ta, don ya ɗauki hoto. Sau uku yana nufar ta, sau uku ruwa na kaɗe kan jirgin gefe. Jirgi fanko, mai inji, a hannun mutumin da idonsa biyu. Ya kashe injin ya zauna yana kallon dutsen, ya ce, "La'ilaha illallahu. Da ƙyalle ya shiga nan? Da kaya?"

A hanya Bi Somoe ta ƙarasa mana labarin. Sun zauna a kan fasasshen jirgin har ruwa ya sake janyewa bayan isha, suka taka suka koma gida ɗaya bayan ɗaya. Sun tabbata Yasin ɗin da aka karanta ce ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma in gari ya sani, sakin aure da kora ne ƙarshensu. Suka dafa Alƙur'ani suka rantse ba mai faɗa. Da zancen bammi ya fito, suka ji shi a bakin rijiya, suka yi shiru. Huɗun duk sun rasu.

Na ce, "Shekara tara kina hawa benena. Me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro. Ba wani abu mai kyan suna ba, tsoro. Na ce in na tsare miki ruwan mujallarki kada ƙarya ta shiga, wataƙila Allah ya rage mini. Sai ga shi kin kawo mini ranar da kanta, kin lulluɓe ta da hadari. Da na bari ta wuce, da kin binne shi karo na biyu, ni na riƙe miki fitila."

"Ki faɗa mini a ɗaki mana tun Sha'aban!"

"Da kin ce tausayi ne, irin na kawunki. Yanzu ruwan ya taɓa ki."

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba sai a miƙe. Na so in tura ta cikin tekun. Kuma ban taɓa jin girman wani ɗan Adam ya cika mini ƙirji kamar na mutum biyu a ranar ba, wanda ya juya kan jirgi, da wadda kalma ɗaya kawai za ta bari ta wuce ta mutu da mutuncinta, ta tsayar da magogi.

Bi Somoe ta yi azumin kwana uku na kaffarar rantsuwa, ni kuma na yi kwana ukun ina rubutu. Sharaɗinta biyu ne. Sunayen matan huɗu a bar wa 'ya'yansu, amma nata a rubuta shi cikakke, a kuma rubuta cewa ita ce ta ce a ƙara rami ɗaya. Na ce mata mutanen Mwambani ba za su raga mata ba, jikokinta na makaranta. Ta ce ta san abin da yaro yake ji a aji, ta daɗe tana kallona. Na biyun, ba za a buga ba sai ta je ta faɗa wa mahaifiyata da bakinta.

Ran na huɗu da la'asar ta zo gidanmu cikin baƙin lulluɓinta na fita unguwa. Mama na zaune a tsakar gida tana tsefe zaren hula. Ta yi mata tayin tabarma, Bi Somoe ta zauna a ƙasa daga bakin ƙofa. Ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Mama ba ta katse ta ba, hannunta ne kawai ya daina motsi.

Da ta gama, Mama ta ce, "Kin ci abinci a gidana ranar sadakar uku."

"Na ci."

"Ke kika goya mini Swabra ina kuka."

"Ni ce."

"Kada ki roƙe ni gafara yau, Somoe."

"Ban zo roƙo ba, Bi Mwanatumu."

Can Mama ta ce, a hankali kamar da kanta take, "Ku tsoro ya rufe muku baki. Ni fa? Shekara tara ina aure da mutumin nan, ban taɓa jin warin bammi a jikinsa ba. Da gari ya faɗa, na yarda. Ni matarsa." Ta ɗago ta dubi Bi Somoe. "Ya yi magana?"

"Ya yi. Wannan ban ba 'yarki ba, ba na mujalla ba ne, naki ne. Faɗa yake ta yi mana yana jan igiya. Ya ce, ku hau, shashashai, kun sa zan makara, yau Mwanatumu shinkafa da kwakwa ta dafa."

Mama ta yi wata 'yar dariya wadda ta karye a tsakiya.

"Ita na dafa," in ji ta. "Na rufe masa rabonsa kwana biyu, ina ɗumamawa. Da na ji zancen bammin, na fita da kwanon na zuba wa kaji."

Ta ajiye hular ta tashi, ta dafa bango ta shiga madafa. Na yunƙura zan bi ta, Bi Somoe ta riƙe mini zani. Muna zaune muna jin ta tana jawo babbar tukunyar sadaka, tana auna shinkafa, tana kuka, tana ba shi haƙuri.